Yadda Epifanio Mai Sabis Ya Tara Kompadre Ɗari Uku da Sha Biyu

A garinmu San Mateo Tres Ocotes ba a neman muƙami, muƙami ne ke faɗo wa mutum a ka. Sau ɗaya a shekara taron gari zai zauna, a dubi wanda ya yi gangancin nuna ya iya wani abu, a ɗaga hannu, shi ke nan an gama da shi. Babu albashi, kuma babu ƙi. Haka aka yi wa Epifanio Zárate shekara tara da suka wuce, lokacin da aka kafa dogon ƙarfen sabis a kan tudun bayan maƙabarta. Laifinsa ɗaya ne: ya taɓa gyara lasifikar coci a gaban mutane.

Aka tura shi birnin Oaxaca ya yi mako uku yana koyo. Ya dawo da littafi mai baƙin bango, da tabarau, da wata sabuwar ɗabi'a ta cewa "ku bari in yi muku bayani". Mun bari sau ɗaya, a taron gari, kuma gaskiya ya yi ƙoƙari.

Ya ce tsakaninmu da duniya hanya ɗaya ce tak, siririya kamar turbar alfadari a gefen dutse. Duk abin da muka tura, murya ce ko hoto ko bidiyon rawa, akwatin da ke ɗakin bayan ofishin gari zai yanyanka shi ƙunshi-ƙunshi, su yi layi a bakin ƙofa, su fita ɗaya bayan ɗaya. In masu fita sun fi ƙarfin ƙofa, dole wani ya jira. Aikinsa shi ne ya gaya wa akwatin wa zai jira. Saboda haka ya raba mu aji huɗu. Aji ɗaya, ɗakin shan magani. Aji biyu, makaranta da ofishin gari. Aji uku, masu kiran 'ya'yansu da ke aiki a arewa, can ƙetaren iyaka. Aji huɗu, sauran tarkace. Muddin akwai mai jira a ajin sama, akwati ba zai ko kalli na ƙasa ba.

Muka tafa masa. Kowa ya koma gida yana ganin tsarin ya yi kyau, sai dai ajin da aka sa shi ne bai dace ba.

Epifanio mutum ne gajere, mai sanyin murya, wanda in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Matarsa Macrina takan ce ranar da ya je neman aurenta bai buɗe baki ba, ita ce ta gaji ta ce masa to. Irin wannan mutum ne muka damƙa wa ƙofar gari.

Wanda ya fara gano ɓarakar shi ne Don Tacho, mai injin niƙa, wanda daga baya ya zama shugaban gari. An haifa masa 'ya, sai ga shi a gidan Epifanio da talotalo a hammata, da burodi, da kwalbar giyar meskal, ya cire hula ya roƙe shi ya riƙe yarinyar a coci ranar baftisma. Ba a ƙin irin wannan roƙo. Daga ranar suka zama kompadre, kuma kowa ya san kompadre ya fi ɗan'uwa, domin ɗan'uwa kana iya zaginsa. Kompadre kuwa ba ka ɗaga masa murya, ba ka wuce shi da hula a ka, ba ka ce masa a'a.

Kwana takwas da baftisma Don Tacho ya leƙa ɗakin akwati.

"Kompadre, barka da aiki. Ya komadre, uwargidanka? Ya 'yan talotalo?"

"Lafiya lau, kompadre."

"Ba komai ya kawo ni ba. Wayar nan tawa ce take jan ƙafa kamar tsohuwar jaka. Na ce ba zan dame ka ba, amma matata ta ce haba, kompadrenka ne fa."

Epifanio ya dubi littafinsa, ya dubi rufin ɗaki, ya mayar da lambar Don Tacho aji ɗaya. Ya roƙe shi kada ya faɗa wa kowa. Don Tacho ya yi alkawari, kuma ya cika, domin matarsa kaɗai ya gaya wa.

A shekarar nan Epifanio ya riƙe jarirai goma sha tara. Da jarirai suka ƙare, mutanenmu ba su karaya ba. A wajenmu kusan komai yana buƙatar uba mai tsaya masa a gaban fada, wato limamin coci: ɗaurin aure, bikin cikar yarinya shekara sha biyar, sabuwar mota, sabon rufin kwano. Epifanio ya tsaya wa motoci shida, da tanderun burodi, da babban ƙahon 'yan badujala. Akwai wanda ya kai shi ya tsaya wa alfadari. Ni ban yi wannan rashin kunya ba. Nawa tankin ruwa ne, kuma babba ne.

Gidansa ya cika da talotalo har ba wurin shanya. Macrina ta daina ba su suna. Takan tsaya a ƙofa ta ce, "Pifanio, ga wani can tafe da hula a hannu. Don Allah ka shiga ƙarƙashin gado." Ba ya shiga. Yakan fito yana murmushin mai ciwon haƙori, ya karɓi talotalo.

Cikin shekara takwas wayoyi ɗari uku da sha biyu suka koma aji ɗaya. Sabis ya koma jan ƙafa daidai yadda yake tun farko, har ma ya fi, amma ba mai ƙorafi sosai. In hoto ya ƙi tafiya, mutum yakan ce a ransa, ni da nake aji ɗaya ke nan, ina ga na ƙasa.

Na ƙasa kuwa mutum ɗaya ce ta rage a garin duka: Donya Gudelia Quiroz, ungozoma.

Shekarunta sittin da takwas, kuma fiye da rabin garin a hannunta suka faɗo, har da Epifanio kansa. 'Ya'yanta sun girma tun kafin a san sabis, ba ta da mota, kwanon ɗakinta na tun zamanin mijinta ne. Maƙwabta sun sha ba ta shawara ta nemo wani abu ta kai a yi masa addu'a, ko da tukunya ce. Takan ce, "Ni? In cire mayafi in roƙi yaron da na yanke wa cibiya? Ai na gan shi ranar da ba shi da ko wando." Wayar da 'yarta ta aiko mata ta fi shekara ba ta tura hoto ko ɗaya ba, domin duk lokacin da ƙunshinta ya matso bakin ƙofa sai wani kompadre ya iso. Ta ɗauka wayar ce ta lalace, ta mayar da ita tocila.

Sai bara, cikin damina, takarda ta zo daga hukumar lafiya. Duk ungozomar gargajiya sai ta yi rajista ta intanet, ta tura hotunan takardunta, kafin ƙarfe goma sha biyu na ranar Juma'a, ashirin da ɗaya ga Satumba. Wadda ba ta yi ba, ba ta da izinin karɓar haihuwa, kuma ba za a karɓi sa hannunta a takardar jariri ba. Asibiti mafi kusa da mu tafiyar awa biyar ce in hanya na da kyau. A makon nan kuwa hanya ba ta ma nan, dutse ya zaftaro ya rufe ta.

Ashirin da ɗaya ga Satumba kuma, ba sai na faɗa ba, ranar waliyyinmu ce, San Mateo.

Malamar jinya ta ɗakin shan magani ta ɗauki hotunan takardun guda goma sha huɗu, suka fara turawa tun Litinin, da wayar Gudelia da ta ɗakin shan magani, duk ɗaya. Makon biki ne, kowane gida yana kan waya da 'ya'yansa na arewa, ana nuna musu tukunyar miya da sabon fentin coci. Shafin hukumar kuma ba shi da haƙuri: in ya jira minti goma abu bai gama isowa ba, sai ya watsar ya ce a sake daga farko. Ba a kuma iya jira gari ya yi barci, domin da sola ƙarfen ke aiki, a irin wannan hadari kuwa batir ba ya kai magariba.

Ranar Alhamis Gudelia ta shigo ɗakin akwati, karo na farko a rayuwarta. Ba ta gaishe shi da kompadre ba, abin da ya sa Epifanio ya ɗan rikice, don ya manta yadda ake amsa wata gaisuwar.

"Pifanio, ba roƙonka na zo yi ba. Tambaya na zo yi. Abin nan naka yana aiki ko ado ne?"

"Yana aiki, Donya. Ku bari in yi muku baya..."

"Riƙe bayaninka. Gobe sha biyu in takardun nan ba su tafi ba, matar Chepe da ke wata tara kai za ka karɓe ta. Zan ara maka almakashi."

Ya buɗe littafi, ya ga lambarta ita kaɗai a shafin aji huɗu, kunya ta kama shi har kunnuwa. Nan take ya mayar da ita aji ɗaya. Suka gwada. Hoto na farko ya tafi, na biyu ya kai rabi, shafi ya watsar. To me aji ɗaya zai yi mata? Ya shigar da ita ɗakin manya ne ya tarar gari duka yana ciki, kowa da kujerarsa.

Juma'a gari ya waye da hadari, ƙarfen sabis bai farka ba sai wajen goma. Sha ɗaya za a fito da mutum-mutumin waliyyi a zaga da shi gari, kuma kowa ya yi wa nasa na arewa alkawarin zai nuna masa kai tsaye. Epifanio ya sami Don Tacho a ƙofar coci, yana sanye da sabuwar hula, sandar mulki a hannu.

"Kompadre, da za a ɗan jinkirta fitowa, ko rabin awa..."

"Kompadre! Shekara ɗari uku waliyyin nan bai taɓa makara ba. A zamanina zai fara? Ka yi shela mana, mutane za su gane."

Ya yi shelar da lasifikar da ta jawo masa wannan bala'i tun farko. Ya roƙi jama'a su ajiye waya na minti goma sha biyar saboda Donya Gudelia. Kowa ya gyaɗa kai, an ce wallahi gaskiya ne, baiwar Allah ta yi wa garin nan aiki. Sannan ɗaya bayan ɗaya suka riƙa dafa kafaɗarsa suna raɗa masa, "Ka yi daidai, kompadre, mutanen nan ba su da tausayi. Ai ba da ni kake ba, ko?" Ni ma na dafa shi. Ɗana yana New Jersey, shekara shida bai ga waliyyi ba.

Sha ɗaya daidai 'yan badujala suka busa, aka harba nokawut, wayoyi ɗari uku suka tashi sama kamar an shuka su.

Epifanio ya koma ɗakin akwati. Gudelia tana zaune a benci tana ɓare wake a cinyarta, domin ba ta iya zaman banza. Yana da sauran dabara ɗaya da ya koyo a Oaxaca bai taɓa gwadawa ba. Ya ce wa akwati ya manta da aji, ya riƙa duba wa'adi kawai: wanda lokacinsa ya fi kusa ƙurewa, shi zai fara fita. A ganinsa ai babu mai wa'adi a garin sai Gudelia.

Ashe ya manta. Bidiyon kai tsaye ba ya jira ko ƙiftawar ido, ƙunshin da ya makara da daƙiƙa ɗaya ya riga ya ruɓe. Saboda haka a idon akwati kowane bidiyo gaggawarsa ta fi ta matar da ke da sauran minti arba'in. Suka rufe ƙofa gaba ɗaya, suna turereniya, kowanne yana makarar da na bayansa. Na arewa suna ganin waliyyi yana tsalle-tsalle kamar mai farfaɗiya, takardun Gudelia kuwa ko motsi.

Sha ɗaya da rabi ta wuce. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Donya, babu tsarin da zai fitar da kowa. Ƙofar ba ta isa ba. Sai an hana wani."

"To hana mana."

"Kompadre ne duka."

Ta jefa ƙwayar wake a kwano. "Ranar da aka haife ka mata biyu ke naƙuda, uwarka da matar Don Lencho. Ni ɗaya ce. Matar Lencho ta fi ihu, uwarka ta fi jini. Na bar mai ihu na zo wajenku. Shekara biyu Lencho bai gaishe ni ba. Ga ka nan, ga ɗan nasa can yana busa ƙaho."

Abin da ya biyo baya malamar jinya ce ta ba ni labari, tana tsaye a bakin taga. Ta ce Epifanio ya miƙe tsaye, ya cire hularsa, ya fuskanci akwatin kamar mai gaban fada, ya ce, "Ku gafarce ni, kompadre." Sannan ya rufe ƙofa ga duk wani bidiyo a garin. Ya bar layin ɗakin shan magani, ya bar na Gudelia.

Hoto na ɗaya ya wuce. Na biyu. Na uku, kamar ana zuba ruwa a rariya.

A waje kuwa an kawo waliyyi daidai kwanar kasuwa, masu ɗauke da shi sun ɗan karkata, fuskarsa ta juyo wajen jama'a. A nan hoton ya daskare a wayoyin 'ya'yanmu, daga California har New Jersey. Waliyyi ya ƙura musu ido bai ƙifta ba. An ce mata sun durƙusa a ɗakunan girki na gidajen abinci. Ɗan Don Tacho ya yi alkawarin barin giya, kuma ya bari har kwana tara.

Mu da ke nan mun san ba mu'ujiza ba ce. Kafin minti biyar rabin masu rakiyar waliyyi sun bar shi sun nufi ofishin gari, Don Tacho a gaba. Ya shiga, ya cire hula, don ko a cikin fushi ba a manta ladabi.

"Kompadre, abin nan ya tsaya."

"Ni na tsayar da shi, kompadre."

"To madalla, ashe ba lalacewa ya yi ba. Buɗe mana."

Hoto na tara ke tafiya. Epifanio ya tsaya a gaban akwatin.

"A'a, kompadre."

Daga nesa ana jin babban ƙaho shi kaɗai yana ta faman busa, don ba wanda ya gaya masa. Don Tacho ya dubi mutanen da ke bayansa, ya sake duban Epifanio.

"Ban ji ba, kompadre."

"Na ce a'a. Sai ta gama."

"Ni ne fa. Ka riƙe mini 'ya. Ka tsaya wa injina."

"Na sani, kompadre. A'a."

Na ukun ya fito masa da sauƙi, har ya ɗan yi mamakin kansa. Sai a lokacin Gudelia ta ɗago kai daga wakenta.

"Tacho, kai da ƙafa ka fito. Awa goma sha ɗaya na zauna ina jiranka ka yanke shawara. Ba za ka iya jirana minti biyar ba? Kai kuma Chepe, me kake leƙe? Matarka na can da ciki kamar tulu, kana nan kana neman bidiyo."

Chepe ya ɓace. Sauran suka shiga duba ƙasa. Sha biyu saura minti bakwai hoto na sha huɗu ya wuce, shafi ya fito da lamba, malamar jinya ta rubuta ta a takarda, Gudelia kuma ta sa aka sake rubuta mata a bayan hannu. Epifanio ya buɗe ƙofa. Waliyyi ya ci gaba da tafiya a arewa, na durƙushe suka miƙe.

Bayan biki taron gari ya zauna a kan maganar. An yi awa huɗu ana nuna ɓacin rai cikin ladabi, kowa yana farawa da "ba don kompadrena ba ne". Daga ƙarshe aka yanke masa hukunci mafi tsanani da muke da shi: aka sake zaɓensa shekara uku. Shi kuma ya yage shafukan aji a gaban kowa. Yanzu akwati ba ya tambayar waye kai, sai me kake turawa, yaushe zai ruɓe, me za a rasa in bai tafi ba. Wanda kuma ya daɗe a layi, ko tarkace ne, yana matsawa gaba a hankali, don kada a sake mayar da wayar wani tocila.

Tun daga nan haihuwa ba ta ragu ba, amma masu zuwa da hula a hannu sun ɗauke ƙafa. Talotalo suka ƙare ɗaya bayan ɗaya a tukunya. Macrina ta samu wurin shanya, ko da yake na ji ta tana cewa gidan ya yi shiru da yawa.

Matar Chepe ta sauka kwana huɗu bayan biki, ta samu 'ya mace, a hannun Gudelia. Takardar shaida kuwa sai watan Janairu ta iso, da hatimi da komai. Washegari da hantsi Macrina ta hango mai zuwa, ta ƙwala kira, "Pifanio, ga wani can da talotalo!" Da ya fito, Gudelia ce, ta sauke mayafi zuwa kafaɗa, takarda a hannu ɗaya, tsuntsu a ɗayan.

"Pifanio, an ce takardar shaida ma tana son uba mai tsaya mata a coci. Na zo roƙonka."

Ya dube ta, ya dubi talotalon, wanda ba laifi ƙato ne. Ya cire hula.

"Donya, ku yi mini rai. A garin nan ku kaɗai ce zan iya yi wa musu ba tare da na cire hula ba. A'a."

"To mayar da hular mana."

Ya mayar.

"Yawwa," ta ce. "Da ma zuwa na yi in ga ko abin ya zauna." Ta gyara talotalonta a hammata ta juya. Da ta kai ƙofa sai ta waiwayo. "Kuma ka zo ka duba mini wayar nan. Tun da ta warke ba ta barina in huta."